Daga hulba zuwa kafson waje: yadda wata yayata ta yi fama da shekarun gab da ɗaukewar al'ada

Wacece ita, kafin abin ya fara

Yayata ce ta wajen uba, malamar firamare a Kano, shekarunta 45 a ƙarshen 2022, haihuwa shida, autanta yana aji uku a lokacin. Ba zan faɗi sunanta ba, ita ta ce in rubuta amma kar a gane ta, to Yaya zan riƙa cewa kamar yadda nake kiranta a gida. Tana da hawan jini tun 2021 amma ba mai tsanani ba, amlodipine 5mg take sha kullum da safe kuma yana riƙe ta. Ba ta da suga. Al'adarta tun tana budurwa ba ta saɓa lissafi, duk kwana 28 zuwa 30, ta yi kwana biyar ta yi wanka. Mace ce mai rubuta komai a littafi, kuɗin adashe, kuɗin cefane, har ranar da aka sa gas, kuma wannan ɗabi'ar tata ce ta sa yau nake da watanni da lambobin da zan kawo a nan.

Disamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: zufa a tsakiyar hunturu

Abu na farko al'adar ce ta fara gaggawa, kwana 23, kwana 24 ta dawo. Bata damu ba. Sai kuma cikin sanyin Janairu, kowa ya ƙudundune a bargo, ita kuma misalin ƙarfe biyun dare zafi ya taso mata daga ƙirji ya haye wuya ya mamaye fuska, zuciya na bugawa, zufa ta jiƙa rigar bacci, minti uku ko huɗu ya wuce sai kuma ta hau rawar sanyi. To duk Bahaushen da ya ji zafi da zufa da rawar sanyi ai maleriya zai ce. Ta je kemis aka ba ta maganin maleriya, bayan sati uku ta koma aka yi mata gwajin nan na Widal akace taifot ne, ta shanye ƙwayoyi na kwana goma. Babu wanda ya sa mata ma'aunin zafi a jiki lokacin da abin ke tasowa, babu kuma wanda ya tambaye ta shekarunta ko yadda al'adarta take.

Abin da ke faruwa a irin wannan shekarun shine ƙwan mace ya fara ƙarewa, homon ɗin istirojin, wato sinadarin da jikin mace ke samarwa mai tafiyar da al'ada, baya sauka a hankali a jere, yau ya yi sama sosai gobe ya faɗi, wani watan ma ba a saki ƙwai ba gaba ɗaya. Wajen da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa sai ya zama abu kaɗan ke tunzura shi, ya buɗe jijiyoyin fata ya saki zufa alhali babu zazzaɓi. Yawanci yana farawa ne a tsakiyar shekaru arba'in, ya ɗauki kamar shekara huɗu, wasu har takwas ko fiye, kuma ba a cewa al'ada ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba.

Maris zuwa Yuni 2023: kayan Islamic kemis da na 'yan kwano

Azumin 2023 ya kama 23 ga Maris, ga zafin Kano ga nata zafin. A nan jinin ya canza hali, ya tsallake wata guda sannan ya zo da ƙarfi har da guda-guda, kwana 11, tana canza audugar mata duk awa biyu a kwanakin farko, da dare sai ta haɗa da zani. Damuwarta ta farko ma ba lafiya bace, sallah ce da azumi. Ta tambayi malamar Islamiyyarsu aka yi mata bayani irin na mazhabar Malikiyya, ta ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta muddin bai wuce kwana 15 ba, abin da ya biyo baya istihala ne ta yi wanka ta ci gaba da ibada. Ta samu amsar ibada, amma a wajen babu wanda ya ce mata jini irin wannan na asibiti ne.

A ɗakin malamai kuwa hukunci ɗaya aka yanke, sanyi ne. Sanyin mara, sanyin ƙashi, wata tace har da ɗan iska a ciki. Daga nan aka fara haɗa mata kaya: garin hulba cokali ɗaya a madara safe da yamma, man habbatus sauda da zuma, jiƙon kanumfari da citta da kirfa a fulas tana kurɓa duk yini, da wata jarka ta tsimi da aka aiko daga ƙauye wadda har yau ba mu san me ke ciki ba. Saboda ɗaukewar ni'ima da ta fara damunta da maigida, aka ce ta riƙa zama a ruwan bagaruwa.

Sati biyu zuwa uku na farko ta ce wallahi ta ji sauƙi, tasowar zafin ta ragu, tana bacci. Daga sati na huɗu komai ya koma yadda yake, ga ƙarin abubuwa: zufarta da fitsarinta suka ɗauki warin hulba har yara na magana, jiƙon citta da kanumfari na dare yana tayar mata da ƙwannafi kuma da ta sha sai zafin ya taso, bagaruwar kuma da ma aikinta tsotse ruwa da tsuke fata ne, to ta ƙara mata bushewa da raɗaɗi. A littafinta na watan Yuni tasowar zafi tana tsakanin sau 8 zuwa 10 a yini da dare. Jini kwana 12. Ta fara haki idan ta hau bene zuwa ajinta, kuma ta kama cin ƙanƙara, ta sayi ƙullin ruwa mai ƙanƙara ta riƙa tauna, kowa ya ɗauka saboda zafin ne.

Yuli zuwa Oktoba 2023: kafson waje

Wata mai saida kaya a WhatsApp ce ta fara kiran abin da sunansa, tace Hajiya ai wannan shekarun ɗaukewar al'ada ne, kuma ga maganinsa daga Amurka, ba kemikal a ciki duk ganye ne. Gaskiya rabin maganarta daidai ne, ita ce mutum ta farko da ta faɗa wa Yaya abin da ke damunta, shi yasa ma ta yarda da sauran rabin. Kwalba ɗaya ta wata guda naira 28,000, ga malamar firamare. A jikin kwalbar an jera black cohosh, wata saiwa ce ta Arewacin Amurka, da man evening primrose, da tataccen koren shayi, da wasu ganyayyaki da aka dunƙule da sunan haɗi na musamman ba tare da an faɗi nauyin kowanne ba. Ta ƙara da kwalbar kalsiyam da bitamin D saboda ciwon gwiwa. Hulba da habba da tsimi kuma bata daina ba, duka take haɗawa.

Watan farko tasowar zafi ta sauko zuwa 6, ta yi murna ta sake saye. Wata na biyu ta koma 8. A wata na uku ta fara jin tashin zuciya, abinci ya fita ranta, gajiya kamar an yi mata duka, fitsari ya yi duhu ko ta sha ruwa da yawa. Mai kayan tace ai dattin jiki ne ke fita ta ƙara ƙwaya ɗaya. A ƙarshen Oktoba jiri ya ɗebe ta a wajen taron safe na makaranta, shugabar makarantar ce da kanta ta sa ta a adaidaita zuwa asibiti.

Nuwamba 2023: abin da gwaji ya nuna

Likitar mata ce ta gan ta, ta ce a kwaso duk abin da take sha a leda a kawo, har jarkar. Ga abin da aka samu. PCV, ma'aunin yawan jini, 27, wato hemogulobin kusan 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da 12 take kira ƙarancin jini ga macen da bata da ciki. Gwajin ciki babu. Sikanin ya nuna ɗan ƙari a mahaifa, faibiroid, santimita 3. An ɗebi ɗan samfurin bangon mahaifa saboda ta haura 45 kuma jinin ya rikice, sakamako ya dawo babu kansa babu alamarta. Tayiroid, ƙullin wuya mai fitar da homon, lafiya. Ciwon hanta na B da C babu. Amma ALT, ma'aunin da ke nuna hanta na shan wahala, ya kai 140, a inda ake son kar ya wuce 40. Hawan jini 150 bisa 95 duk da tana shan maganinta.

Yaya ta so a yi mata gwajin homon don ta tabbatar, likitar tace Malama ki riƙe kuɗinki, mace ta wuce 45 ga alamomi a fili ba a buƙata, tunda homon ɗin hawa da sauka yake yau ki gwada ki ga lamba ɗaya sati mai zuwa wata daban. Haka ma ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce tun 2015.

Umarnin farko shine a tsayar da komai, kafso da tsimi da hulba da habba, a ci gaba da amlodipine kaɗai. Ba a iya nuna wanda ya taɓa hantar ba tunda abu kusan bakwai take sha a tare, sai dai biyu daga ciki da ma an san su da haka. Tun 2006 hukumomin magani na Turai da Ingila suka yi gargaɗi kan black cohosh da hanta, tataccen koren shayi mai ƙarfi shima an sha samunsa da wannan laifin, wanda ya bambanta da koren shayin da ake dafawa a kofi. Hawan jinin kuma ana zargin tsimin ne don ɗanɗanon kanwa ya fito a cikinsa sosai, kanwa kuwa gishirin sodiyam ce.

Disamba 2023 zuwa Maris 2024: gyaran jini

Aka ba ta abu biyu. Tranexamic acid mai rage zubar jini, giram 1 sau uku a rana a kwanakin da jinin ke zuba da ƙarfi kawai, kar ya wuce kwana huɗu. Sai ferrous sulphate 200mg, wato sinadarin ayon mai ƙara jini, jar ƙwayar nan da ake ba masu awon ciki, wadda kuɗinta na wata bai kai na katin waya ba.

Watan farko bai yi aiki yadda ake so ba, PCV ya tashi daga 27 zuwa 28 kawai. Da nas ta zauna da ita ta tambaya dalla-dalla sai aka gano da shayi mai madara take haɗiye ƙwayar da safe, kuma ta ci gaba da shan kalsiyam ɗinta a lokaci ɗaya don a ganinta shi ba magani bane. Ganyen shayi da madara da kalsiyam dukkansu suna hana hanji ɗaukar sinadarin ayon. Ga shi kuma yana ɗaure mata ciki har takan tsallake kwana biyu uku. Aka canza tsari, ƙwaya ɗaya a rana kafin kari da ruwa da ɗan lemon tsami, shayi sai bayan awa biyu, kalsiyam a ajiye shi tukuna, a ƙara hanta da wake da zogale da alayyahu a abinci. Baƙin bayan gida kuma akace kar ya tsorata ta aikin ƙwayar ne.

Ƙarshen Janairu PCV 31, ALT ya sauko 38, hawan jini 130 bisa 82. Kafin azumin 2024 da ya kama 11 ga Maris PCV ya kai 35, ta mayar da ƙwayar zuwa bayan tarawi. Haki ya tafi, jiri ya tafi, bugun zuciya ya ragu sosai, cin ƙanƙara ya tsaya da kansa, ashe shima alamar ƙarancin ayon ne. Mantuwar da take kuka da ita a aji da saurin fushin da ya kusa haɗa ta da 'yarta babba suma sun yi sauƙi. Jini ya dawo kwana 8, ya rage ƙarfi amma bai koma daidai ba. Tasowar zafi kuwa tana nan 7 zuwa 8, ko gezau.

Afrilu zuwa Satumba 2024: sauran zafin da bacci

A watan Mayu ta yarda aka sa mata robar mahaifa mai homon, Mirena, bayan ta yi shawara da maigida. Wata uku na farko ɗigo-ɗigo ya dame ta har ta so a cire, likitar tace ki yi haƙuri haka take farawa. Zuwa Satumba jinin ya zama ɗan kwana biyu mara yawa, ta daina tranexamic acid. Robar ta kuma rufe wata ƙofa da Yaya bata yi tunani ba, don mace a wannan shekarun tana iya ɗaukar ciki ko da al'ada na tsallake watanni.

Kan zafin, likitar ta kawo maganar ƙarin istirojin na shafawa ko na mannawa, tace shine ya fi komai aiki, kuma hawan jinin da ke ƙarƙashin kulawa baya hana shi, ga robar tana kare bangon mahaifa. Yaya ta ƙi, ta ji ana cewa yana kawo kansar nono. Wannan tsoron ya samo asali ne daga wani babban bincike na Amurka da aka fitar a 2002, wanda yawancin matan cikinsa sun haura 60, kuma daga baya likitoci sun sassauta fahimtarsa ga matan da basu kai 60 ba. An yi mata wannan bayanin, ta ce ta ji amma a bar ta tukuna, ga tsada ga kuma ba kowane kemis ake samu ba.

To sai aka koma abin da ke hannu, amma wannan karon abu ɗaya-ɗaya, kowanne a ba shi lokaci a rubuta. Ta fara da cire abubuwa: yaji da citta da daddare, shayi mai zafi bayan magariba, rigar bacci ta roba ta koma ta auduga, aka sayi fanka mai caji saboda wuta. Wannan ya fi taimakon dare, tashi uku ya koma ɗaya ko biyu. Sannan waken suya, awara kamar yanka biyar ko kofin madarar waken a kullum, kuma ba soyayyiya kullum ba, tana sa ta a miya ko ta gasa saboda mai. Waken suya na da sinadarin isofilabon mai ɗan kama da istirojin amma rauninsa da yawa, kuma wani nazari na 2012 da ya tattara gwaje-gwaje ya samu ƙwayoyin isofilabon suna rage yawan tasowar zafi da kusan kashi 20 cikin 100, a hankali cikin watanni. Sati shida bata ga komai ba. Zuwa wata na uku lissafi ya tsaya 5 zuwa 6. Ta koma shan zoɓo mara suga da rana, ta fara tafiyar minti 30 bayan asuba ita da maƙwabciyarta. Bushewar gaba kuma man shafawa na kemis mai tushen ruwa ya yi abin da bagaruwa ta kasa.

Inda take a 2025

Shekarunta 48. PCV 38 a gwajin ƙarshe, ta daina ayon bayan ta ƙara wata uku a kan lokacin da jinin ya cika kamar yadda aka umarce ta. Hanta lafiya, ƙarin mahaifar bai girma ba. Tasowar zafi 4 zuwa 5 a yini, a watannin Maris da Afrilu takan haura. Habbatus sauda ta dawo da ita amma 'yar kaɗan a abinci, likitar ta sani bata hana ba. Hulba ta bar ta har abada saboda warin.

Yadda nake ganin abin

Matsala uku ce aka yi ta yi wa magani da suna ɗaya, zubar jini da ƙarancin jinin da ta haifar, tasowar zafi, da bushewa. Mafi haɗari a ciki ita ce ta farko kuma ita ce babu ko ɗaya cikin kayan da ta sha wata bakwai da ya nufa. Rabin abin da take kira zafin ɗaukewar al'ada, hakin da jirin da bugun zuciyar, jini ne ya yi ƙasa. Ƙarin sinadarin da ya yi aiki ƙarara, wato ayon, shine mafi araha, kuma ya yi ne don an auna an ga shi ya yi ƙaranci kafin a ba ta, sannan aka gyara yadda take shan sa.

Sauƙin sati biyu-ukun da take ji duk lokacin da ta fara sabon abu ba ƙarya take ba. A gwaje-gwajen tasowar zafi matan da aka ba ƙwayar da babu magani a ciki suma sukan samu raguwa kamar kashi 25 zuwa 30 cikin 100, ga shi ciwon kansa hawa da sauka yake, to duk wanda ya sayar miki da abu a satin da ya yi tsanani shi zai ci yabon satin da ya lafa. Shi yasa ko awarar ba zan rantse a kanta ba, raguwa daga 7 zuwa 5 tana iya zama waken, tana iya zama tafiyar asuba ko lokaci kawai, kuma ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Arewacin Amurka a matsayarta ta 2023 bata sa waken suya ko magungunan ganye cikin abin da take ba da shawara ba. Bambancin dai awara abinci ce mai araha da bata taɓa hanta. Black cohosh kuwa nazarin 2012 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya ta tace, bai samu isasshiyar hujjar yana aiki ba, ga gargaɗin da ke kansa.

Wasu za su ce ai da ta duba lambar NAFDAC. Kwalbar bata da ita, amma ko wadda ke da ita, rajistar maganin gargajiya ta farko ta shafi rashin cutarwa ne, shi yasa za ki ga an rubuta a jiki cewa hukumar bata tantance iƙirarin warkarwar ba. Ƙin istirojin da ta yi kuwa ni ina ganin ta yi wa kanta tsanani, tun 2024 tana tashi da dare kan tsoron da bai kai yadda ta ɗauke shi ba, amma jikinta ne kuma likitar ta bar ƙofar a buɗe. Yanzu da robar ta kusa ɗauke jinin gaba ɗaya ba za a iya amfani da lissafin wata 12 a gane ranar da al'adar ta ɗauke ba, don haka aka ce ta riƙa zuwa duk wata shida, kuma duk ranar da jini mai yawa ya dawo ko ta ga jini bayan kwanciya da maigida kar ta jira ranar ta zo a duba.